Darasi na Tara: Abin da Ƙwayoyin Dutse ke Gaya Mana Game da Ƙarƙashin Dutse Mai Aman Wuta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance dutsen da ya daskare a hankali da wanda ya daskare da sauri, ta hanyar duban ƙwayoyinsa;
2. bayyana abin da ke ƙarƙashin dutse mai aman wuta;
3. faɗin yadda duwatsun Ririwai da Ningi da Jos suka samu, da dalilin samun kuza a cikinsu;
4. bayyana yadda ɓawon ƙasar da muke takawa yake ƙaruwa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin gini a Fatakwal ya san garin ba shi da dutse. Ko'ina aka haƙa, daga Diyobu har Eleme, yashi ne da laka da taɓo. Kogin Kwara da na Binuwai ne suka shafe miliyoyin shekaru suna kwaso su daga tudu suna jibgewa a bakin teku, har kaurinsu ya kai kilomita 10 zuwa 12 a wasu wurare. Inugu da Anacha suna da tuddai, amma dutsensu yashi ne da laka da suka danƙare, irin wanda kwal ɗin Inugu ke kwance a tsakiyarsa. Shi ya sa tsakuwar da ake zuba wa dakin da titi a waɗannan garuruwa sai tifa ta ɗauko ta daga nesa: daga Akamkpa a Jihar Kuros Riba, daga Ishiagu da Abakaliki a Jihar Ebonyi, ko daga yankin Lokpaukwu a Jihar Abiya, kusa da kasuwar shanu ta Lokpanta da 'yan Arewa suka sani.

Mafi yawan wannan tsakuwa a dā narkakken dutse ce. Lebura na loda ta, direba na jigilarta, birkila na kwaɓa ta, amma kaɗan ne suka taɓa ɗaukar guda su duba. Ramin da ɗan Adam ya haƙa mafi zurfi, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262, kuma faɗin bakinsa bai kai kamu biyu ba. Babu wanda ya taɓa sauka ya ga inda dutse ke narkewa. Abin da aka sani game da wurin, yawancinsa daga ƙwayoyin da ke cikin irin wannan tsakuwa aka karanto shi. Wannan karatu ne za mu koya.

1. Daga ina narkakken dutse yake fitowa?

Saman duniya, inda garuruwa da gonaki suke, shi ake kira ɓawon ƙasa. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yakan kai kilomita 35 zuwa 40, a ƙarƙashin teku kuwa kimanin kilomita 7 ne. Daga nan sai wata shimfiɗa mai kauri ƙwarai da ake kira mantil. Mutane da yawa suna zaton tekun wuta ne a can. Ba haka ba ne. Mantil dutse ne mai tsananin zafi, amma nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Yana narkewa ne a wasu wurare kaɗai: inda ƙasa ta tsage nauyin ya ragu, ko inda ruwa ya shige shi ya sauƙaƙa narkewarsa. Ko a nan ma ɗan kaɗan ne daga cikinsa yake zama ruwa.

Wannan ruwan dutse shi ne magma. Zafinsa lokacin da ya baro mantil yakan kai digiri 1,200, alhali ruwan sha a digiri 100 yake tafasa. Da yake ya fi dutsen da ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya riƙa kurɗawa sama ta tsaguna. Wanda ya kai sarari shi ne aman da ake gani. Amma mafi yawansa ba ya kaiwa. A hanya yake maƙalewa, sau da yawa a zurfin kilomita 5 zuwa 15, ya taru a wani wuri da za mu kira matattarar magma, ya fara hucewa.

2. Alama ta farko: girman ƙwaya

Ku samo tsakuwar giranit guda, irin mai ɗigo-ɗigon fari da ja-ja da baƙi. Ku wanke ta, ku riƙe ta a rana tun tana jiƙe. Za ku ga ba abu ɗaya ba ce. Akwai ƙwayoyi farare ko masu launin nama, masu fuska a miƙe, waɗanda in kun juya tsakuwar sai ɗaya ta yi wal ta ɗauke, wata ta karɓa. Sunansu felsifa. Akwai masu launin toka da ke ɗaukar ido kamar fasasshen gilashi, ba su da fuska a miƙe. Wannan shi ne kwaz, abin da muke kira ƙanƙarar dutse. Akwai kuma baƙaƙe ƙanana masu sheƙi, waɗanda in kun sa bakin allura za su ɓantaro falle-falle. Su ne maika. Ku lura da yadda suka cuɗanya, kowace ta shige jikin 'yar'uwarta, babu siminti a tsakani, babu rami.

Kowace ƙwaya girma ta yi a cikin magma, kaɗan-kaɗan, yayin da sinadaran da suka dace da ita suke zuwa suna mannewa a jikinta. Girma kuwa yana son lokaci. Magmar da ta huce a zurfin ƙasa, inda dutsen da ke lulluɓe da ita ya hana zafi fita, takan yi dubban shekaru, har ma dubban ɗaruruwa, kafin ta daskare. Ƙwayoyinta kan yi girman da ido zai gani. Wadda ta malalo sarari kuwa cikin kwanaki ko watanni take sandarewa, ƙwayoyinta ba sa samun sukunin girma. Baƙin dutsen Biu a Jihar Borno, wanda ake kira basal, irin wannan ne: in ka fasa shi sai ka gan shi sumul, da ƙyar ido ke rarrabe ƙwayarsa.

Akwai iri na uku, kuma shi ya fi ba da labari. Shi ne dutsen da za ka ga manyan ƙwayoyi warwatse a cikin jiki mai laushin ƙwaya. Ana kiransa fofiri. Ma'anarsa ita ce magmar ta huce sau biyu. Ta daɗe a zurfi har manyan ƙwayoyi suka girma, sannan wani abu ya taso da ita sama farat ɗaya, ragowar ruwan ya daskare da sauri ya kama su a inda suke. Manyan ƙwayoyin nan baƙi ne daga ƙasa, kuma su masana suka fi bibiya.

3. Alama ta biyu: yawan ƙwaya

Tsofaffin littattafai sukan zana matattarar magma kamar ƙaton kogo cike da jan ruwa. Binciken shekarun baya-bayan nan ya gyara wannan hoto. Mai aikin gini zai fi kowa saurin ganewa. In kwaɓin kankare yana da ruwan siminti da yawa da tsakuwa kaɗan, yana zubowa daga kwano ba wahala. In aka yi ta ƙara tsakuwa, akwai inda za a kai tsakuwar ta tokare juna, kwaɓin ya ƙi motsi, ko da yake akwai sauran ruwa a tsakankaninta. Haka magma take. Muddin ƙwayoyi ba su kai rabin jikinta ba, tana iya gudana. Da sun kai kimanin kashi 50 cikin 100, sai su sarƙe, ta tsaya cak.

A wannan hali mafi yawan matattarar magma take zama tsawon rayuwarta: kwaɓi mai kauri, ƙwayoyi sun fi yawa, ruwa na maƙale a tsakaninsu. An tabbatar da haka ta hanyar auna motsin girgizar ƙasa, wanda yake rage gudu in ya ratsa narkakken wuri. A ƙarƙashin Yellowstone ta Amurka, ɗaya daga manyan matattarun da aka fi aunawa, ruwan da aka gano kimanin kashi 20 ne cikin 100 ko ƙasa da haka. Sauran duk ƙwaya ce mai zafi.

To, me ke tayar da kwaɓin da ya tsaya? Sabuwar magma mai zafi daga mantil. In ta shigo ta ƙasa, takan narkar da wasu ƙwayoyin, ta cusa iskar gas, kwaɓin ya saki. Haka ta faru a dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin. Sabuwar magma ta kutsa cikin tsohon kwaɓi, bayan 'yan makonni, ranar 15 ga Yuni 1991, dutsen ya yi ɗaya daga cikin aman da suka fi girma a ƙarni na 20. Tokar da ya fitar cike take da ƙwayoyi. A Jihar Kolorado ta Amurka akwai wata shimfiɗar daskararriyar toka mai shekara miliyan 28, wadda yawanta ya kai kilomita kubik 5,000, wato awon tsawo da faɗi da zurfi, kuma kusan rabinta ƙwaya ce. Kwaɓi ne guda aka tayar, aka watso shi waje.

Saboda haka in masani ya ga dutsen aman wuta mai ƙarancin ƙwaya, ya san ruwan da ya tsatso ya taru a saman matattara ne ya fito. In ya ga mai yawan ƙwaya, ya san aman ya kai ga kwaɓin kansa.

4. Alama ta uku: abin da ke cikin ƙwaya

A ɗakin bincike, irin na sassan nazarin ƙasa a jami'o'in Fatakwal da Nsukka da Jos da Zariya, akan yanki dutse a manna shi a gilashi, a yi ta gogewa har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita. A wannan siranta haske yana ratsa dutse. In aka sa shi a madubin ƙara girma, ƙwayar felsifa guda takan nuna zobba, wani a cikin wani, daga cibiya zuwa baki. Kowane zobe ya samu ne a wani hali na zafi da sinadari. Inda zobban suka jeru lafiya, magma tana hucewa ne cikin natsuwa. Inda aka ga gefen wani zobe ya zaizaye, ya yi kududdufai, sannan sabon zobe mai wani sinadari ya hau kansa, an san zafi ya shigo ya fara cin ƙwayar kafin ta ci gaba da girma. Da haka ake ƙidaya sau nawa sabuwar magma ta shigo matattara.

Wasu ƙwayoyin suna faɗin zurfi. Akwai wata baƙar ƙwaya mai tsawo, honbilen, wadda yawan alminiyom ɗin da take ɗauka yake ƙaruwa gwargwadon nauyin da ke kanta lokacin girma. In an auna alminiyom ɗin, sai a lissafa kilomita nawa ne a ƙarƙashin ƙasa ta girma.

Shekaru kuwa zirkon ke faɗinsu. Ƙwaya ce ƙarama da ba ta kai ƙwayar yashi ba, mai taurin gaske. Lokacin girmanta tana karɓar yuraniyom, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit ta Nijar, amma ba ta karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a kan ƙa'idar da ba ta canzawa: rabinsa yana rikiɗa cikin kimanin shekara miliyan 4,500. Duk dalmar da aka samu a cikin zirkon daga baya ta samu. In aka auna yawanta da yawan yuraniyom da ya rage, an san shekarun ƙwayar. Mafi tsufa da aka samu, a Ostireliya, ta kai shekara miliyan 4,400.

5. Saiwoyin duwatsun aman wuta a ƙasar Hausa

Ba sai mun je Amurka ba. Ɗaya daga wuraren da masana na duniya suke kafa misali da su a wannan fanni yana ƙasarmu.

A 1911 wani masani, J. D. Falconer, ya raba giranit ɗin Arewacin Najeriya gida biyu. Akwai tsoho, mai kimanin shekara miliyan 600, irin na dutsen Kufena a Zariya da na Kwatarkwashi a Zamfara. Akwai kuma na baya, wanda yake fitowa a duwatsu masu siffar zobe. Irin waɗannan zobba sun haura 50 a Najeriya: Dutse da Shira da Ningi da Bura da Ririwai da Banke da Kudaru da Jos da Bukuru da Mada da Afu, da sauransu. Jerin bai tsaya a kan iyaka ba. Ya ratsa Damagaram da Muniyo a Nijar, ya kai duwatsun Azbin a arewacin Agadas.

Da aka auna shekarunsu sai aka ga abin mamaki: tsufansu yana raguwa daga arewa zuwa kudu. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram kimanin miliyan 300 ne. Na yankin Dutse sun ɗan haura miliyan 200, Ririwai kimanin miliyan 170, Jos kimanin miliyan 160, Afu a Jihar Nasarawa kimanin miliyan 141. Wato wutar ta yi ta ƙaura, in ta mutu a nan sai ta kunno a kudu da wurin.

Ga yadda kowane zobe ya samu. Da farko magma ta taru a 'yan kilomitoci ƙarƙashin ƙasa, dutse mai aman wuta ya tsaya a kanta yana fitar da toka da narkakken dutse. Da matattarar ta ragu, rufinta ya rasa abin da zai tokare shi, sai ya tsage a kewaye ya rufta ciki, ya bar ƙaton kwari mai faɗin kilomitoci. Nauyin rufin ya matse kwaɓin da ke ƙasa, ya tura shi sama ta wannan tsagar ta kewaye. Wani ya fito waje ya cika kwarin, wani ya daskare a cikin tsagar ya zama katangar fofiri mai siffar zobe. Daga ƙarshe ragowar magmar ta taso a hankali ta tsakiya, ta daskare ta zama giranit. Sai ruwan sama da iska suka yi shekaru miliyoyi suna zaizaye saman, har cikin ya bayyana.

Hujjar wannan labari tana cikin ƙwayoyin. A Ririwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Jihar Kano, da Ningi da Bura a Jihar Bauchi, dutsen aman bai gama zaizayewa ba. Wanda ya fito da farko ƙwayarsa kaɗan ce. Wanda ya biyo baya cike yake da manyan ƙwayoyin felsifa da kwaz, kuma irinsu ne a cikin katangar zoben. Saman matattara ne ya fara fita, kwaɓi ya biyo. A Jos kuwa zaizaya ta yi nisa, mafi yawan abin da ya rage giranit ne. Mai hawa duwatsun Shere a gabashin Jos yana tafiya ne a wurin da a dā yake can ƙarƙashin ƙasa, cikin matattarar magma.

Wasu daga cikin wuraren fasa dutse na kudu maso gabas suna da nasu tarihin. Kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga bakin teku ta bi kwarin Binuwai. Magma ta biyo tsagar. Wadda ta fashe a sarari ta bar daskararriyar tokar da ake fasawa a Abakaliki. Wadda ta maƙale a cikin laka ta zama dutse mai duhun launi da ake fasawa a Ishiagu da Lokpaukwu. Na Akamkpa kuwa tsohon dutse ne, sa'an na Kufena ko ma ya girme shi.

6. Yadda ɓawon ƙasa yake ƙaruwa

Akwai tambaya a nan. Magmar da ke fitowa daga mantil baƙa ce mai nauyi, irin ta basal. Ta yaya ake samun giranit mai haske da rashin nauyi daga gare ta?

Wani masani ɗan Kanada, Norman Bowen, ya amsa wannan a shekarun 1920, bayan ya yi ta narka dutse a tanderu yana lura da yadda yake daskarewa. Ya gano ƙwayoyi ba sa fitowa lokaci guda. Masu ƙarfe da maganiziyom, kamar koriyar ƙwayar nan olibin, su ke fara fitowa tun da sauran zafi sosai. Suna da nauyi, sai su taru a ƙasa. Ruwan da ya rage ya rasa ƙarfe, ya ƙaru da silika, wato sinadarin da ke yin kwaz. In ya tsatso ya hau sama ya sake hucewa, sai wasu ƙwayoyin su sake fita, ya ƙara tacewa. Ƙari a kan haka, zafinsa yana narkar da tsohon ɓawon da ya ratsa, su gauraya. Abin da ke isa sama a ƙarshe shi ne magmar giranit, mai zafin digiri 700 zuwa 850.

Ta haka ɓawon nahiya ya kasu: dutse mai nauyi da duhu a ƙasa, mai haske da rashin nauyi a sama. A yankin Kohistan na Pakistan, inda karon nahiyoyi ya kifar da ɓawon ƙasa a gicciye, ana bin wannan jeri da ƙafa, daga tarin baƙaƙen ƙwayoyi har zuwa giranit. A Azbin ma akwai duwatsun da kusan felsifa ce zalla, ƙwayoyin da suka taru wuri guda bayan ruwan ya tsere. A baƙin dutsen Biu da na yankin Panyam a Jihar Filato kuma ana tsintar dunƙulen korayen ƙwayoyi, gutsattsarin mantil ne da magma ta fizgo ta kawo sarari.

7. Ina amfanin wannan sani?

Na farko, neman ma'adinai. Akwai sinadaran da ƙwayoyin farko ba sa karɓa, kamar kuza. Su kan yi ta taruwa a ragowar ruwan, tare da ruwan zafi da gas, har su tattaru a saman giranit na ƙarshe da cikin jijiyoyin da suka ratsa shi. Dalilin samun kuza da ma'adinin kolumbait a Jos da Ririwai ke nan. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuza, suna zuba ta siraran sanduna, fatake suna kai ta kasuwanni. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait. Fatakwal ma tana da rabo a tarihin: an kafa tashar jirgin ruwanta ne don kwal ɗin Inugu, wanda jirgin ƙasa ya fara kawowa a 1916, kuma bayan layin dogo na gabas ya isa Jos a 1927, kuzar Filato ta riƙa biyowa ta nan zuwa ƙetare. Mai neman ma'adini da ya san wane giranit ne ya zo ƙarshe ya san inda zai sa diga.

Na biyu, tsare rai. Duwatsun Ririwai da Jos sun mutu tuntuni, babu abin tsoro a cikinsu. Amma Dutsen Kamaru, mai tsayin fiye da mita 4,000, wanda nisansa da Fatakwal a miƙe kimanin kilomita 250 ne, yana da rai. Ya yi amai a 1982 da 1999 da 2000. A jerin duwatsun aman wuta da yake ciki ne tafkin Nyos yake, inda ranar 21 ga Agusta 1986 iskar gas mai tushe daga magma ta taso ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Alhazai kuma sun ga baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin birnin, narkakken dutse ya yi kwana 52 yana fita, ya malala kilomita 23, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin gari. Nazarin ƙwayoyin wannan dutse ya nuna magma iri daban-daban ne suka gauraya kafin aman. Sanin zurfin matattara, da tsawon lokacin da ke tsakanin shigowar sabuwar magma da amai, shi ke taimaka wa hukuma ta san yaushe za ta kwashe jama'a. A Pinatubo an kwashe dubun-dubatar mutane kafin babban aman, rayuka masu yawa suka tsira.

Aikin gwaji

Na ɗaya: ku narka alimun, wanda wasu ke kira alif, a ruwan zafi har ya daina narkewa. Ku raba a kofi biyu. Ku tsoma ɗaya cikin ruwan ƙanƙara, ɗayan ku naɗe shi da tsumma ku ajiye inda ba za a taɓa ba har gobe. Ku kwatanta girman ƙwayoyin da suka fito.

Na biyu: kowane ɗalibi ya kawo tsakuwa uku daga wuraren gini daban-daban, da izinin masu wurin. A tambayi direban tifa daga inda ya ɗauko. A wanke, a kasa su uku: mai manyan ƙwayoyi, mai laushin ƙwaya, da mai gauraye.

Taƙaitawa

Girman ƙwaya yana nuna saurin hucewa. Yawan ƙwaya yana nuna daga wane ɓangaren matattara dutse ya fito. Zobban cikin ƙwaya suna nuna shigowar sabuwar magma, zirkon kuma yana faɗin shekaru. A ƙarƙashin dutse mai aman wuta kwaɓi ne mai kauri, wanda kaɗan daga cikinsa ke fita waje, mafi yawansa ya daskare a ciki ya zama sabon ɓawon ƙasa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kawo tsakuwar gini Fatakwal daga wasu jihohi? Kawo wurare uku da ake ɗauko ta.
2. Me ya bambanta giranit da basal wajen ƙwaya, kuma mene ne dalili?
3. Wane labari dutsen fofiri yake bayarwa?
4. Me ke faruwa da magma in ƙwayoyinta suka kai rabin jikinta? Me ke iya tayar da ita?
5. Bayyana matakan samuwar zoben dutse irin na Ririwai.
6. Tsakanin duwatsun Azbin da na Afu, wanne ya girmi wani?
7. Me ya sa kuza take taruwa a giranit na ƙarshe?

Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta layi biyar a kan ɗaya daga tsakuwoyin da ya kawo: launinta, girman ƙwayarta, inda aka ɗauko ta, da ko a hankali ta huce ko da sauri. Wanda garinsu yake kusa da dutse a Arewa ya ƙara da sunan dutsen da abin da ya sani game da shi. A zo da tsakuwar aji, domin da ita za mu fara darasi na goma.